Manomin Albasa da Farfesar da Ba Ta Taɓa Ganin Matarsa Ba

Wata rana wani manomin albasa ya dawo daga fadama da la'asar, ya tarar da matarsa zaune a dokin ƙofa, jariri na ta kuka a cinyarta, ita kuma ta kasa ɗaga shi.

Sunansa Ɗayyabu, mutumin wani ƙauye ne can wajen Yauri. Matar kuma Lantana. Ko arba'in ba ta yi da haihuwa ba.

Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Idan ta kwanta sai ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji, don haka a zaune take barci, jingine da bango.

Tsofaffin gida suka ce jego ne, kowace mace da irin nata. A ƙara mata kunun kanwa, za ta warware.

Ɗayyabu bai yi musu da iyaye ba.

Amma yayarsa da irin wannan kumburin ta rasu, ita ma tana jego. 'Ya'yanta har yau a gidansa suke cin tuwo.

Washegari bai je fadama ba. Ya samo mota, ya kai Lantana babban asibitin garinsu.

Likitan da ya duba ta sunansa Dakta Bashari, mutum ne maras yawan magana. Ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya saurari ƙirjinta. Ya tambayi yaushe ta haihu.

Sai ya ce, "Malam, zuciyarta ce ta yi rauni. Yakan sami wasu mata bayan haihuwa. Yanzun nan za mu ba ta gado."

Aka ɗora ta a kan magani, aka hana ta kanwa da gishiri mai yawa.

Kwanakin farko sun yi tsanani. Ɗayyabu ya tare a barandar asibiti da tabarmarsa da butarsa. Albasa ta isa cira, ya bar wa ƙannensa suka yi yadda suka iya.

Sannu a hankali kumburin ya fara sacewa. Tari ya lafa. Lantana ta fara neman abinci da kanta, har ta fara faɗa a kan an sa wa jariri riga a baibai.

Ranar sallama, Ɗayyabu ya riƙe hannun likita da hannu biyu, yana ta sa masa albarka.

Dakta Bashari ya amsa da amin, sa'an nan ya ce, "Akwai wadda ta fi ni cancantar addu'ar nan."

Ya ba shi labarin wata Farfesa Uwani, likitar zuciya da ta koyar a Zariya.

Ya ce tun tana matashiyar likita abin ya dame ta: mata su haihu lafiya, a yi suna, a ci a sha, sai bayan 'yan makonni a dawo da su asibiti a galabaice, lokacin da ciwon ya riga ya yi nisa.

Ta shafe fiye da shekara ashirin tana bin wannan ciwon. Asibiti-asibiti, ƙauye-ƙauye, tana auna zukatan masu jego, tana komawa bayan watanni ta ga wadda ta farfaɗo da wadda ba ta farfaɗo ba, tana neman dalili.

Abin da ta gano ta wallafa shi a mujallun likitoci. Likitocin wasu ƙasashe suna kafa hujja da shi. Ɗalibanta sun zama manyan likitoci, su ma suna koyar da wasu.

"Ɗalibinta ne ya koyar da ni," in ji Dakta Bashari. "Shi ya sa da na ga matarka ban tsaya lalube ba. Ni kaina ban taɓa ganin Farfesa ido da ido ba."

Maganar ta zauna wa Ɗayyabu a rai.

Bayan wasu watanni, da ya sayar da albasarsa, ya ware rabin buhu, ya zaɓi manya-manya masu jan ɓawo, ya hau motar Zariya.

Ya sha tambaya. A asibitin da ta yi aiki aka ce ta yi ritaya. Wata ma'aikaciyar jinya da ta ji dalilin zuwansa ta kwatanta masa unguwar, har ta tsayar masa da mai babur.

Ya zaci katon gida zai gani, da masu gadi.

Sai ga gida madaidaici, da bishiyar lemo a tsakar gida. Tsohuwa ce siririya, da tabarau, tana dogara sanda. Ciwon gwiwa ya zaunar da ita.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya faɗi sunansa da garinsu, ya ajiye albasa a gefe, ya kwashe labari tun daga dokin ƙofa har zuwa sallama.

Ta saurare shi har ya gama, sa'an nan ta ce:

"Malam, ka sha hanya. Amma ni ban taɓa ganin matarka ba."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ita ma ba ta taɓa ganinki ba. Amma da safen nan ita ta dama mini kunun da na sha na taho."



Farfesa ta cire tabarau ta ɗora a cinya.

Da ta buɗe baki, ba maganar nasara ta yi ba. Ta ce masa tunda ta bar aiki, fuskokin waɗanda suka rasu a hannunta ne ke dawo mata. Wata ta bar tagwaye. Wata mijinta ya zo da ita daga nesa, ta cika a bakin ƙofar ɗakin gwaji.

"Su nake tunawa," ta ce, "domin su ne na tsaya a kansu har ƙarshe. Wadda ta warke takan tafi gida ta ci gaba da hidimarta, kuma haka ya kamata. Sai dai mu ba ma sake jin labarinta. An ba ni lambobin yabo, an karanta sunana a taruka. Amma wani lokaci nakan zauna a nan in ce, anya rubuce-rubucen nan sun wuce ɗakin karatu kuwa?"



Sai Ɗayyabu ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya kira gida, ya miƙa mata.

Lantana ta ɗauka. Da ta ji ko wace ce, sai gaisuwa ta ɓarke. Ina wuni Mama, ina gajiya, ya jiki, ya iyali, ya jikoki, Allah ya saka, Allah ya ji ƙan mahaifa, Allah ya sa ki gama lafiya.

Farfesa ta rufe ido. "Ci gaba, 'yata. Ina jin ki."

Lantana ta ci gaba. Ta ba da labarin yaro ya fara rarrafe, ya addabi kaji. Ta ce tana shan magani ba fashi, kuma tana komawa asibiti duk ranar da aka sa mata.

Da aka kashe waya, Ɗayyabu ya ce a yi haƙuri, matarsa akwai surutu.

Farfesa ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ai numfashinta nake saurare, Malam. Mai raunin zuciya ba ta iya jero magana haka, sai ta tsaya ta yi haki. Matarka ba ta tsaya ba ko sau ɗaya."

Ta sa aka kawo masa abinci. Ta ja masa kunne cewa kada Lantana ta sake ɗaukar ciki sai sun yi shawara da likita, kuma duk mai jegon da ya gani a ƙauyensu da kumburi da haki, kada a jira.

Da zai tafi, ta ƙi zama. Ta dogara sandarta ta rako shi har bakin ƙofa.

A nan ta ce, "Ka ba wannan likitan naku lambata. Ka ce ya kira ni. Akwai tambayar da ban gama amsawa ba a kan ciwon nan, kuma ƙafata ba za ta ƙara kai ni ƙauye ba. Tasa za ta kai."

Ɗayyabu ya isar da saƙo.

Dakta Bashari ya kira ta a ranar.

Darasi:

A bayan likitan da ya duba ka akwai wasu da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna bincike, ba ka san sunansu ba, su ma ba su san naka ba. Da yawansu sun tsufa suna zaton wahalarsu ba ta kai ga kowa ba.

Idan alherin wani ya iso gare ka, ko ta hannun wasu ne, ka neme shi ka gaya masa tun yana da kunnen ji. In ba ka same shi ba, ka sa shi a addu'a.

Kuma 'yan'uwa, mai jego da kumburin ƙafa da haki, asibiti za a kai ta, a ranar.

Ka tura wannan ga malaminka ko likitan da ka daɗe ba ka ce masa na gode ba, ka kuma tura wa gidan da aka yi haihuwa kwanan nan.