Yaron da Oga Ya Zaɓa Mana

A wani shagon intanet da ke bayan tashar mota a Azare na fara sanin Oga. Ni malamin firamare ne, na je neman gurbin ƙaro karatu, shi kuma yana kujerar kusa da ni, ya cusa ƙafafunsa ƙarƙashin tebur da ƙyar, don dogo ne na gaske. Kirista ne daga kudancin Bauchi, ya daɗe yana riƙe da fayil-fayil na ma'aikata a wani ofishin gwamnati a Azare, kowa kuma Oga yake ce masa. Na leƙa allon kwamfutarsa, wanda na san ba halin kirki ba ne amma halina ne, na ga jerin sunaye da lambobi da 'yan taurari.

"Malam, ƙwallon kwando ce," ya ce, bai ko juyo ba. "Amma ba gudu, ba gumi. Jawo kujera."

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ana ba ka ƙungiya a intanet, kai ne mai horarwa, kai ne mai tsara wanda zai shiga fili. 'Yan wasan ba mutanen gaske ba ne, na'ura ce ta ƙirƙire su, amma ƙungiyoyin da kake karawa da su mutane ne irinka a wasu ƙasashe suke riƙe da su. Yawan taurarin ɗan wasa shi ke nuna gwanintarsa. Kakar wasa wata uku ce da 'yan kwanaki, kuma duk kaka ɗan wasa yana ƙara shekara guda. Kafin sabuwar kaka a kan fito da jerin sababbin yara, kowace ƙungiya ta jera su yadda take so, wanda ta fi so a sama. Nan rigimar take. Ɗan shekara ashirin da ɗaya yakan zo da hannunsa a gyare, ka sa shi a fili yau ya ci maka wasa, amma ba ya ƙara koyon abin kirki. Ɗan sha takwas kuwa yakan zo bai iya komai ba, sai dai in ka yi haƙuri da shi zai wuce wancan nesa ba kusa ba.

Kafin wata guda ya ba ni lambar sirrin shiga, ƙungiyar ta zama tamu mu biyu. Muna rukuni na huɗu, kuma burinmu ɗaya tak: mu hau na uku.

Abin da ya hana mu hawa a shekarun farko, Oga ne. Na faɗa masa a gabansa, don haka ba gulma nake yi ba. Mutumin nan bai yarda da shekarun da aka rubuta ba. In na nuna masa yaro ɗan sha takwas, sai ya yi tsaki.

"Sha takwas a takarda. Malam, ni nake riƙe da fayil. Na ga mai furfura har a gira ya kawo takardar rantsuwa wai shekararsa talatin da biyu. Duba abin da hannun yaro ya iya, ka bar zancen shekaru."

"Oga, na'ura ce fa. Wa zai je kotu ya yi wa na'ura rantsuwa?"

"Wa ya rubuta wa na'urar?"

Haka muka yi ta ɗiban manya masu taurari, su yi mana kaka biyu su tsaya cak, yaran da muka raina kuma su dawo a rigar wasu su lallasa mu. Ni mai saurin fushi ne. Akwai ranar da na tashi na bar shi a shagon, na yi sati ban je ba, sai ga shi a ƙofar makarantarmu da rake ƙunshe a jarida.

Daga baya na gane inda abin ya samo asali. A ƙauyensu, yaro yakan ɗora hannu ta saman kansa, in ya taɓo kunnen ɗaya gefen, ya isa shiga makaranta. Oga tun yana ƙarami hannunsa kamar gora yake. Ya taɓo kunne har da rara, hedimasta ya dube shi ya rubuta shekara bakwai, alhali bai wuce huɗu da 'yan watanni ba. Wannan rubutun ya bi shi sakandare, ya bi shi aiki. Mutane suna rage shekaru, shi ƙara masa aka yi. Yakan ba da labarin yana dariya, ni ma in taya shi, ban taɓa kawo wa raina cewa ranar da abin zai ci mu tana tafe ba.

Shagon intanet ya rufe da wayoyi suka yawaita. Muka koma gindin darbejiyar ƙofar gidansa, bayan la'asar, kai biyu a kan waya ɗaya. Matarsa takan miƙo mana zoɓo mai sanyi ta ce, "Masu horar da aljanu, sannunku da aiki." In aka kira magariba shi yake tuna mini, ya karɓe wayar ya ce in je in dawo, ba zai taɓa komai ba. Yana taɓawa. Waɗannan yammacin su ne na fi kewa a duk zamana na Azare.

Wata Laraba ya miƙo mini ambulan maimakon waya. Takardar ritaya ce. A fayil zai cika sittin, saura wata huɗu ya tattara ya koma gida. Na ƙirga da yatsu: kaka ɗaya ta rage mana.

A jerin sababbin yaran wannan karon akwai wani ɗan ashirin da ɗaya mai jifa daga nesa, daidai abin da muka rasa. Akwai kuma wani siririn ɗan sha takwas, tsawo kawai Allah ya ba shi, ko riƙon ƙwallo bai iya ba. Ni da na shekara biyar ina wa'azin yara, ban ko yi shawara ba na ɗora babban a sama. Na ƙudura a raina sai Oga ya ga rukuni na uku da idonsa kafin ya bar garin nan.

Ranar Lahadi da azahar ake rufe jerin. Asabar na ɗauke shi muka tafi Katagum, garinmu, don ya yi sallama da Inna, mahaifiyata, wadda ta saba soya masa kifi tana tsokanarsa cewa a banza yake ci, duk a tsawo yake tafiya. Da rana ta yi sanyi muka gangara bakin kogi. Akwai wani tudu can inda masunta suke shanya koma, nan ne kawai waya take kama sabis sosai. Na hau don in tabbatar komai yana yadda na bar shi, sai na ga siririn yaron nan a sama.

Na sauko raina a ɓace. "Oga, kai ka taɓa jerin nan?"

"Ni ne."

"Shekara nawa ina roƙonka mu ɗauki yaro kana ƙi? Sai yanzu da ba mu da lokacin renonsa? Wannan ko kaka shida aka yi bai zama mutum ba. Don kai na sa babban, so nake mu hau kana nan."

Ya dubi wani masunci da ke warware komarsa, sannan ya ce, "To mun hau. Ka yi mini barka, in yi maka, in shiga mota. Daga nan me za ka kira ni ka ce? Gaisuwar Sallah da Kirsimeti, shekara biyu ta ƙare. Na ga yadda ake yi wa waɗanda na rufe wa fayil." Ya nuna wayar da haɓa. "Wannan kuwa bai iya komai ba. Duk sati sai an zauna an yanke abin da za a koya masa. Kai kuma ba ka iya yanke shawara ba sai da wanda za ka yi wa faɗa."

Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, har da ɗan haushin cewa ya fi ni gaskiya. Na mayar da wayar aljihu, muka koma gida cin kifi.

Siririn yaron muka samu. Ba mu hau a kakar nan ba, na shida muka ƙare. Ranar da motar kayansa ta tashi, bai ce mini komai ba sai, "A fara masa da riƙon ƙwallo." Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake kiransa, mu yi gardama a kan yaron, daga nan a gangaro kan gonarsa, da gwiwarsa da ke ciwo, da jikin Inna. Sai da aka shekara biyu yaron ya hau da mu rukuni na uku. Na kira shi, ya ce, "Madalla. To sati mai zuwa me za a koya masa?"

Yanzu yaron nan shekararsa talatin da biyar a wasan. Taurarinsa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, duk mai hankali da tuni ya sallame shi ya ɗauki sabon jini. Juma'ar da ta wuce na gaya wa Oga haka, a hankali, don muryarsa ta yi rauni tun rashin lafiyar bara.

"Talatin da biyar," ya ce. "In ji wa?"

"In ji takarda, Oga."

"To bar shi ya yi aikinsa."

Na bar shi. Gobe ma shi zai fara shiga fili.