Wanda Ya Dasa Shi Ke Cira

Ranar wata Alhamis ce, sati biyu da gama yankan gero, a shekarar da nake aji uku na firamare. An tashe mu da wuri saboda malaminmu zai tafi Jega, na taho gida a guje don in riga ƙanwata Kulu kai wa ga ƙanzon tukunya. Ina shiga zaure na yi turus. Wani dogon mutum ne zaune a kan buzun Baba, ya miƙe ƙafafu, da 'yar tabarma a naɗe da gora a gefensa. Abin da na fara gani dugadugansa ne, sun yi faso har ana hango ja a ciki, takalmansa na roba kuwa da zaren buhu aka ɗinke su. Baba ya ce in gaishe shi, in kuma gaya wa Inna ta damo fura. Sunansa Illa, daga wani ƙauye ya fito can bayan Dogon Dutsi, ƙetaren iyaka, inda ruwa ya ɗauke musu tun gero bai fitar da kai ba. A masallaci Baba ya tsince shi da hantsi. Inna ta dama furar tana mita ƙasa-ƙasa, wai Baba ko akuya ya gani ba ta da gida sai ya jawo ta, amma duk da haka a babbar ƙwarya ta zuba.

Gidanmu a Danwarai yake, kuma a wajenmu albasa ce komai. Gonar gadon Baba 'yar ƙarama ce, geron da take bayarwa ba ya wuce wata biyar a rumbu. Abin da ke riƙe mu sauran shekara shi ne ƙwadagon rani a fadamar Alhaji Bawa, wani mai hali da ke zaune a Aliero. Tun ba a haife ni ba Baba yake yi masa aiki. Shi ke rainon iri, shi ke jan ragamar dashe, shi ke cewa yau a ba da ruwa gobe a ɗaga. In ya matsa wuyan albasa da yatsu biyu, zai gaya maka ko za ta yi ajiya ko ruɓewa za ta yi. Albarkacin aikin nan Baba bai taɓa zuwa ci-rani ba. Iyayen ƙawayena da yawa ana gama kaka suke hawa mota su nufi Kurmi, can kudu, sai damina ta faɗi a sake ganinsu. Ni kuwa ubana wata goma sha biyu a gida yake kwana, kuma ban iya ɓoye alfahari ba. In muna carafke aka cinye ni, sai in murguɗa baki in ce to ai ni dai babana yana gida, nan take a bar wasa a koma faɗa.

Akwai wata al'ada da ba a rubuce take ba, amma ko yaro ya san ta: "Wanda ya dasa shi ke cira, lawashi kuwa na matan gidansa ne." Lawashi shi ne ganyen albasa. Ranar cira, mu 'yan mata da tsofaffi muke bin bayan maza da ƙananan wuƙaƙe, muna yanke ganyen muna tara kawunan, hannu na zafi, ido na hawaye ba wanda ya mutu. Da yamma mu kwaso lawashi kwando-kwando. Inna ta kirɓa shi a turmi, mu dunƙula, mu shanya a kan zana da rufin ɗaki har ya bushe ya zama gabu na sawa a miya. Da gabun nan Inna ke sayen gishiri da kananzir, da shi kuma aka ɗinka mini rigar makaranta. Sati uku muke yi muna warin albasa, ko da sabulun salo aka dirje mu. Malaminmu ɗan Jega ne mai son tsokana, yakan tsaya a bakin aji ya toshe hanci, ya ce yau ba sai an kira suna ba, ya ji kowa ya zo.

Kwana uku Illa ya yi yana hutawa, a na huɗu Baba ya kai shi wajen Alhaji. A nan aka yi kuskuren da Inna ta riƙa ambata har ta tsufa. Kowa a garin ya san abin da ake biyan mai dashe a yini. Dattawan ma'aikata ne ke tsayar da shi duk shekara, Baba yana cikinsu, kuma ba wanda ke karɓar ƙasa da haka. Amma Baba bai gaya wa Illa ba. A wajenmu abin kunya ne ka zauna da baƙon da ke cin tuwonka kana yi masa zancen kuɗi, sai ya zama kamar kana nuna masa lokaci ya yi da zai fara ciyar da kansa. Baba ya ɗauka Alhaji zai yi abin da aka saba. Ya gabatar da baƙonsa, sannan ya ja gefe don kada ya ji cinikinsu, wanda shi ma ladabi ne. Alhaji ya ambaci rabin abin da ake bayarwa, da abincin rana. Illa ya baro mata da 'ya'ya huɗu suna cin dafaffen ganye, don haka durƙusawa ya yi ya yi godiya. Sai da aka yi wata guda Baba ya ji, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ba zan yi wa Illa ƙarya ba, mutumin kirki ne, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi daga baya. Shi ya gyara mana dangar da ta faɗi, shi ke ja mana guga in ya same mu a rijiya, ya kuma ƙera wa Kulu 'yar tsana da karan dawa. Ba shi da ƙiwa ko kaɗan. Baba ya koya masa duk abin da ya sani, tun daga tazarar da ake bari tsakanin dashe a fangali har lokacin janye ruwa kafin cira. Inna ta sha ce masa ya rage wani abu a cikinsa, tsintacciyar mage ba ta mage. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai tafi. Ya kuwa tafi da ruwan farko, Kulu har kuka ta yi. Da kaka ta zagayo ya dawo, da mutum tara a bayansa, ƙannensa da surukai da maƙwabta, duk da irin ƙafafun nan.

Shi kaɗai ya sauka a zaurenmu. Sauran kuwa, bukkokin kara suka kafa a bakin fadama, suna cin garin rogo da ƙuli-ƙuli, suna aiki tun hantsi bai yi ba har rana ta faɗi, a kan rabin kuɗi. Sauran masu gonaki suka ji, ai kuwa kowa ya aika a nemo masa irinsu. Kafin a gama dashe, mazan garinmu sun fara wuni a gindin tsamiya ba wanda ya kira su. Wata rana bayan La'asar suka taru a ƙofar gidanmu. Ina tankaɗe a bayan zaure, na kasa kunne. Anaruwa ne ya yi magana, maƙwabcinmu kuma aminin Baba tun suna yara.

"Ɗan'ige, kai kak kawo muna wanga bala'i. Hid da shi gidanka, sauran na bin shi."

Baba ya ce, "Mutumin da yac ci tuwo akushi guda da ni? Ba ni iyawa. Ku tahi ga mai gona, shi yay yanke kuɗɗin, ba Illa ba."

Ba wanda ya je wajen mai gona, don kowa yana fatan gobe shi za a kira. A kanmu aka huce. Anaruwa ya daina amsa gaisuwar Baba, a makaranta aka sa mini suna ɗiyar mai baƙi, kuma ranar da muke gaɗa na faɗa baya kamar kullum, 'yan matan suka janye hannuwansu, na daku da ƙasa. Ana gama dashe Alhaji ya kira Baba ya ce ko dai ya karɓi abin da baƙi ke karɓa, ko ya huta, tunda yanzu Illa ya san aikin. Baba yana cikin waɗanda suka tsayar da kuɗin, ba zai zama na farkon karya shi ba. Ya dawo gida ya rataye fartanyarsa. Ya zama ba shi ga 'yan gari, ba shi ga mai gona.

Duk da haka Inna ta ce al'ada tana nan, Baba ne ya dasa, lawashi namu ne. Ranar cira ta wasa mana wuƙaƙe, ta ba ni kwando ta ba Kulu, ta wanke turmi ta ajiye. Da muka isa muka tarar baƙin suna cira suna yanka da kansu, ga lawashi an tsiba shi a gaban bukkokinsu. Wata tsohuwa da ta riga mu zuwa ta ce Alhaji ya bar musu shi a madadin wani abu na ladansu, su yi gabu su kai gida. Muka tsaya har rana ta yi zafi, ba wanda ya kore mu, ba kuma wanda ya kira mu. Muka juyo da kwandunanmu wayam, na bi ta bayan gari don kada ƙawayena su gani. Inna ta dubi kwandunan, ta je ta kife turmin. Kafin Magariba sai ga Illa da ƙaton damin lawashi a ka. Ya sauke a bakin zaure, ya kira ni, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce in kai wa Inna, in gaya mata wallahi bai san namu ba ne. Inna ta ce in mayar masa da kayansa. Na ciccibo har na kai bakin ƙofa, sai na ji muryarta.

"Dawo da shi. Hushi ba shi yin miya."

Ta tada turmin ta yi ta kirɓi hawaye na zuba, ta ce albasa ce. Na tsani ranar nan fiye da kowace rana a ƙuruciyata.

Baba ya nemi aiki a Liba, ya wuce Maiyama, ko'ina labarin ɗaya ne. Da kaka ta sake zagayowa ya ɗaure kayansa a buhu, ya je Jega ya hau saman motar albasa zuwa Kurmi. Kashegari a makaranta wata ƙawata ta matso ta tambaye ni ko yau babana yana gida. Ban yi mata faɗa ba, don ni na ja. Damina uku yana dawowa, kowace shekara ya fi ta baya rama. Dako yake yi a kasuwa. Ya gaya wa Inna mutanen can suna zaginsu, suna cewa sun zo sun ɓata musu aiki, ya ce kuma ba ƙarya suka yi ba, rabin kuɗi suke karɓa, in ba su karɓa ba na bayansu zai karɓa. A damina ta huɗu direban mota ne ya kawo mana buhunsa, da labarin zazzaɓin kwana biyar. 'Yan'uwansa 'yan dako suka yi masa sutura. Illa ma bai daɗe ba, aka samu waɗanda suka fi shi araha, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu a Jega nake aure, nakan je Danwarai lokacin cira. Gonakin sun ƙara faɗi, motocin da ke lodi sun ƙara yawa, amma in na dubi masu aikin da ƙyar nake ganin fuskar da na sani. Samarinmu suna Kurmi ko wajen haƙar zinariya, wasu baƙin kuma sun zo sun duƙa a inda iyayenmu suka duƙa. Lawashi a buhu ake sayar da shi ga 'yan kasuwa, 'yan matan yanzu ba su ma san ya taɓa zama na kowa ba. Na daɗe ina ƙoƙarin riƙe Illa a zuciya, abin ya ƙi zama, don na ga ƙafafunsa. Ban san inda kabarin Baba yake ba, ko sunan garin ban tabbatar ba. Aikin yana nan bai ƙare ba, ubana ne kawai bai samu wuri a cikinsa ba.