Ƙarfen Malam zai sauka kafin damina

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Ɗanzomo ke kira Malam Mai Eriya. Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye, ita kuma tana haƙuri da ni.

Gyaran rediyo ne sana'arsa. Amma abin da ya ci ransa shi ne wani akwati da ya haɗa a ɗakinmu. Yana da abokai masu rediyon magana na oba-oba a Gumel da Gagarawa da Maigatari, maganarsu ba ta isa ga juna. Akwatin nan ne ke karɓar muryar wannan ya miƙa wa wancan. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutsen da za a ɗora eriya, sai ya haɗa bututun ƙarfe ya kafa a tsakar gida, ya ɗaure da wayoyi ta kowane gefe.

Eriyar da ya fara sayowa daga Kano ba ta yi ba. Ya sauke ta, ya rage nan, ya ƙara can da jan waya da sifok ɗin keke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka in ya hau yana juyawa, ni ce a gaban akwatin ina saurare.

"Binta, ya fito?"

"Shuu kawai nake ji, Malam. Karkata gabas kaɗan."

"Gabas ɗinki ko gabas ɗin Allah?"

Ranar da muryar mutumin Maigatari ta fito tar, har tuwona ya ƙone ban sani ba.

Yau kowa da waya a aljihu. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga dogayen ƙarafan kamfanonin waya. Na san ba zai yi hassada ba. Zai zagaya gindinsu ne yana ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Abokan nasa kuwa duk sun bi shi, sai ɗaya da ba ya gane mutane.

Akwatin ya daɗe da yin shiru. Yanzu wayoyin ɗaurin sun yi tsatsa, biyu sun tsinke, ƙarfen ya karkata kan ɗakin da jikokin maƙwabcinmu ke kwana. Mun nemi mai gyara har Gumel, kowa ya duba sai ya ce ba ya hawa. Ɗana Habibu ya durƙusa ya ce, "Inna, iskar farkon damina ba ta san ƙarfen na Baba ne ba." Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci. Amma gaskiya ya faɗa. Ba zan riƙe ƙarfe da ran 'ya'yan mutane ba. Na ce a kira mai walda ran Asabar.

Me zai saura? Ban sani ba. Ilimin ya tafi da shi, ban iya ɗaukar komai a ciki ba sai saurare. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Abin da na sani shi ne, har gobe direbobi na yi wa baƙo kwatance da cewa, "Ka nufi dogon ƙarfen can, gidan Mai Eriya ne." Daga Asabar, duk mai zuwa gaishe ni sai ya tsaya ya tambayi hanya, kuma yaran da zai tambaya ba su taɓa ganin Malam ba.