Kwanon Da Na Bar Wa Ƙarshen Zamani

Ya Edita, gaisuwa da girmamawa. A wancan zamani ni mutum ne da ba ya magana biyu. Na ajiye aikin gwamnati da mutuncina, ina zaune a Badarawa cikin maƙwabta Musulmi waɗanda muka tsufa tare, kuma ni ne dattijon da ikkilisiyarmu ta danƙa wa koyar da Nassi. Ba abin da na fi ƙauna irin mafarkin sarkin Babila, na mutum-mutumin nan mai kan zinariya, ƙirjin azurfa, cikin tagulla da ƙafafun baƙin ƙarfe. Nakan jero dauloli bi da bi, Babila, Farisa, Girka, Rum, in nuna cewa mu ne a tafin sawu, inda ƙarfe ya gauraya da yumɓu, kuma dutsen da zai ragargaza su duka yana tafe.

Wata Lahadi harshena ya riga hankalina. Kwanon gidana ya tsufa yana yoyo, sai na shaida wa jama'a cewa ba zan sake shi ba, domin kafin tsatsa ta gama cinye shi Ubangiji zai dawo. Majami'a ta ɗauki amin. Tun daga ranar rufin nan ya zama wa'azi, ana kawo baƙi su gani, fasto kuma yana buga misali da bangaskiyata. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Ɗakin mai ɗakina ya fi zuba, ta jera robobi da tukwane har kan gado, bango ya yi danshi, tari ya kama ta. Ni kuwa a ɓoye na riga na gane cewa Nassin da nake koyarwa bai ba kowa sanin rana ko sa'a ba. Amma ta yaya dattijo zai kira kafinta unguwa tana kallo? Ƙarar guduma ɗaya za ta ƙaryata ni. Da hadari ya haɗo sai in ji kamar an kulle ni a kurkukun da na gina da bakina.

Maƙwabcina, wani malamin allo da muke ba'a da juna, ya tambaye ni ko Annabi Nuhu ma ya bar jirginsa a buɗe ne don duniya za ta ƙare. Na yi dariya, zuciyata na ƙuna. Mai ɗakina ba ta taɓa musu da ni ba, sai ranar da likita ya ce sanyi ya shiga huhunta. Ta durƙusa ta ce mini, maigida ya yi haƙuri, ita ma tana jiran Ubangiji, amma za ta jira shi a busasshen ɗaki. 'Yarmu ta zo ta tafi da ita Rigachikun.

A hanyar zuwa dubiyarta idona ya buɗe. Wani ɗan ikkilisiya da ya fi kowa ɗaga murya wajen amin ya tsayar da ni, ya nuna mini sabon benensa, yana cewa Baba ya sa albarka. Ashe masu yabon nawa duk gini suke yi. Ni kaɗai ruwa ke duka, ni da baiwar Allah da ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Na kira kafinta. Ba wanda ya ce uffan, sai malamin da ya aiko mini da tsani. Mai ɗakina ta dawo, amma tarin bai bar ta ba har yau, kuma kowane tari nata tuhuma ce gare ni. Ya ku masu fassara annabci, ku ji tsoron tafin jama'a fiye da faɗuwar dauloli. Daular da ta kusa hallaka gidana ba Rum ba ce, girman kaina ne, kuma ƙafafunsa na yumɓu ne.