Yaya Habu da sikelinsa na Rusaifa

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Habu, amma har yau in na ga pizza dariya ke riga hawaye zuwa.

Kwana tara kacal ya yi a Rum, babban birnin Italiyawa, ya raka maigidansa sayen tayil. Ya dawo da almakashi, da sikeli, da Italiyanci jimla huɗu. A can, in ji shi, pizza a faranti mai tsawo take. Mai sayarwa ya ɗora almakashi ya dube ka. Kana son ƙari ka ce "di più", ragi "di meno", in ya yi daidai "basta così". Sannan a auna, giram ɗari shi ne "un etto". Muka haɗa hannu muka buɗe shago a Rusaifa, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, ni da jari, shi da Italiyanci.

Kowa ya shigo sai ya yi karatu. Na ga tsohon direban bas daga tashar Kudai, yunwa na cinsa, Yaya ya riƙe almakashi a sama ya ƙi yankawa. "Baba, ka ce basta così." Tsohon ya ce, "Ya shehi, halas, ya isa haka, yanka mini abin nan!"

Ba a nan matsalar take ba. Yaya zai auna tsaf, ya sanar da nauyin da Italiyanci, sannan ya yanko wani ɓari ya ɗora a kai. Gyara ce wai. Shi bai ga yadda za a yi ɗan asalin Kano ya miƙa wa mutum abinci babu gyara ba. Na ce, "Yaya, Italiyawan suna gyara?" Ya ce, "Su suka sani." Wani lokacin gyarar ta fi abin da aka saya. Masu shara kuwa, un etto suke saya su tafi da abincin rana.

Wata takwas na haƙura, shagon na zubewa a gabana. Ranar da na karɓe makullin shagon daga hannunsa na ce masa, "Kai dai ba ɗan kasuwa ba ne." Ya goge almakashinsa ya sa a aljihu. Wallahi maganar nan tana damuna har yau.

Yanzu 'ya'yanmu ta waya suke odar pizza, a kawo a kwali, ba wanda ya ga fuskar wani. Da Yaya na nan, na san sai ya tsare mai kawowar a ƙofa ya koya masa di più, ya kuma tambaye shi ina gyara.

Kasuwa dai ni na iya, shaguna uku gare ni. Amma kwana ukun ta'aziyyarsa layinmu bai ɗauki mutane ba: direbobi, masu shara, 'yan dakon Mina, akasari ban san ko sunansu ba. Ina karɓar gaisuwa ina lissafa waɗanda za su zo tawa. Ban cika tabarma ɗaya ba.