Kwalbar Sha'ir da Ta Raba Ni da Inna

Ƙarar buɗe kwalba ce ta fara komai, wannan ɗan hucin da ke biyo bayan cire murfi. Lokacin watana biyar a Makka, mijina yana karatu, ni kuma ina wuni a ɗaki a unguwar Utaibiyya da 'yata mai shekara huɗu, ko Larabcin cefane ban iya ba. Mutum ɗaya ce ke ƙwanƙwasa mana ƙofa, wata dattijuwa 'yar Damagaram da ta zo hajji tuntuni ta zauna, tana yi wa gidaje girki. Inna nake ce mata. Ita ke yi wa 'yata kitso, ita ke zama da ni bayan la'asar.

Ran nan na shiga mayar mata da tukunya, na ji ƙarar, na ga tana tsiyaya wani abu ruwan zuma a kofi, kumfa na tashi. Nan take na ɗauka giya ce. Mahaifina, Allah Ya gafarta masa, ya daɗe yana shan giya kafin ya tuba, don haka tun ina ƙarama na san ire-irenta: baƙa mai ɗaci, fara mai kumfa, da burkutun dawa da ake kawo masa a jarka. Inna ta miƙo mini tana dariya, ta ce in ɗanɗana. Na ce ina azumi, alhali ƙarya nake.

Ban tambaye ta ba. Na daina buɗe ƙofa, na hana yarinyar zuwa, sannan na faɗa wa wata mata a wurin karatun da matan Hausawa ke haɗuwa duk sati, wai shawara nake nema. Kafin sati biyu gidajen da take wa girki suka sallame ta. Ta kwashe kayanta ta koma unguwar Rusaifa, ko sallama ba mu yi ba.

Bayan wata guda mijina ya shigo da irin kwalaben nan daga kanti. Da ya ga fuskata sai ya ce ruwan sha'ir ne, babu maye a ciki, kowane kanti na sayarwa: akwai mai tuffa, mai rumman, mai lemo, da zallansa da masu ciwon ƙoda ke sha. Nan take na tuna yadda Inna ke dafe kwiɓi in za ta hau bene.

Na koma wurin matan na warware maganata, amma ta riga ta yi nisa. Sau uku ina zuwa Rusaifa neman Inna. Ba ta da takardar zama a ƙasar, babu mai nuna wa baƙuwa gidanta.

'Yan'uwana mata, tsoron da na taho da shi daga gidanmu na ɗora wa baiwar Allah, tambaya ɗaya kuwa da ta ishe ni. Ku tambaya kafin ku kai maganar mutum gaba. Jiya bayan la'asar na tashi rufe ƙofa, 'yata ta riƙe mini zane.

"Umma, ki bar ta a buɗe. Ƙila Inna ta zo wucewa, ta ga mun huce."