Yadda na hana dabbar jikata barci

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Nuzla, jikata ta samu karatu a Riyad, ta bar mini amanar wani ɗan abu da ta saya, wai shuga gilaida. Ni dai ɓera na gani mai manyan idanu. Yana da fata tsakanin hannu da ƙafa, in ya baza ta sai ya shilla daga labule zuwa kan firij. Da za ta tafi har da hawayenta, ta ce, "Kaka, kar in dawo in tarar babu shi." Na ce ni da na raini 'ya'ya bakwai, ɓera ne zai gagare ni?

To ni a gidana ba a barcin rana. Shi kuwa wuni yake a dunƙule. Na ce yarinyar nan ta sangarta shi. Kullum da hantsi sai in buga kejin da ludayi, yalla a tashi, in ja shi bakin taga ya sha rana, in tura masa dabino da alewa. Cikin sati uku ya daina ci, ya dinga tsige gashin jelarsa har fata ta fito. In jikata ta kira ta ce a nuna mata shi, sai in ce yana barci. Abin da na hana shi ke nan.

Maƙwabciyata 'yar Cadi ce ta raka ni wurin likitan dabbobi a unguwar Ruwais. Na zayyana masa duk ƙoƙarina, ina jiran yabo. Ya cire tabarau ya ce, "Ya Hajja, ai ke ce ciwon." Ashe dabbar dare ce, ranarmu ita ce darenta. Kuma ba ta zama ita kaɗai, kaɗaici kashe ta yake. Ya rubuta mini abincinta a takarda. Lokacin nake koyon haɗa baƙi, kwana biyu na yi kafin in gane dafaffen ƙwai ya rubuta.

Halas, magana ta ƙare, na sauko. Na ɗinka 'yar jaka da tsohon ɗankwalina, in rataya a wuya ƙarƙashin abaya, ya wuni yana barci a ƙirjina ina harkokina. Na sayo masa ɗan'uwa, na sa musu rassa da igiya a keji. Bayan isha'i in kashe fanka, in rufe ƙofa, in sake su su yi ta tsalle har a kaina.

Jikata ta dawo ta tarar da su biyu, jela ta cika. Gaskiyar labarin sai yau za ta ji, in ta karanta wannan.

Abin da na koya, ba kowa ke tashi lokacin da ka tashi ba, kuma wanda ya kwanta ba lallai rago ba ne. Amma jikokina maza kar su yi murna. Su likita bai rubuta musu takarda ba, ludayina yana nan.